Kafin a Gina Shafin Ma'aikata, a Tambayi Mai Gadi

  Sharhinmu na yau a kan shafin cikin gida ne, wanda kamfani ko ma'aikata ke ginawa don ma'aikatanta su riƙa jin juna. Shafi ne irin na intanet, sai dai ƙofarsa a rufe take. Ba mai shiga sai ɗan gida, da sunansa da lambar sirrinsa. A ciki ake ajiye sanarwa, da jadawalin aiki, da takardar neman hutu, da lambobin wayar abokan aiki, da ƙa'idojin gidan. Tun daga farko zan faɗi inda na tsaya. Wannan shafi yana da amfani, har a nan karkara. Amma ba zai yi rai ba sai an tsara shi daga ƙasa. A fara da mai gadi da direba da mai shara, sannan a hau zuwa ofishin darakta. In saƙo ya isa wayar mai gadi, ya kuma gane shi, to ya isa ga kowa.

Wani zai ce, mu da muke noman hatsi da albasa, ina ruwanmu da zancen manyan kamfanoni? To, mu ɗaga kai mu duba yankinmu a nan Nijar. A Malbaza ana yin siminti tun shekarun 1960, kuma tandar siminti ba ta san dare ba, wasu na tashi daga aiki wasu na kamawa. A Galmi akwai asibitin da aka buɗe tun 1950, marasa lafiya na zuwa masa har daga Najeriya. A Ƙonni akwai filin noman rani da ya haura hekta 2,000, yana shan ruwan madatsun Mozage da Zongo, hukumar ONAHA da ƙungiyoyin manoma na kula da shi. Ga ofisoshin ƙananan hukumomi, ga makarantu, ga ɗakunan shan magani a ƙauyuka. Duk waɗannan wurare abu ɗaya ya haɗa su. Ma'aikatansu ba sa zaune a ɗaki ɗaya, kuma ba sa aiki a lokaci ɗaya. Duk inda aka samu haka kuwa, maganar yadda saƙo zai isa ga kowa ta zama babbar magana.

Mu tuna yadda saƙo ya saba tafiya a ma'aikatunmu, ba tare da mun kama sunan kowa ba. Shugaba ya sa hannu a takardar umarni, da Faransanci. Sakatare ya buga hatimi, ya manna ta a allon da ke bakin ofis. Wanda ke kusa ya karanta. Mai aikin dare ya iso bayan an kulle ofis, bai gani ba. Malamin da ke ƙauye mai nisa ya ji labarin a bakin ɗan kabu-kabu, bayan kwana uku, kuma an riga an sauya masa kama. Kafin mako ya zagayo, iskar hunturu ta yage rabin takardar. In aka tashi taro, wanda bai zo ba ya ce bai ji ba, shugaba ya ce ai an manna. Kowa da gaskiyarsa, aikin ne dai ya kwana. A ofis abin kan tsaya a kan ɓacin rai. A wurin injin da ke juyawa ko a ɗakin haihuwa, saƙon da bai isa ba yana iya jawo abin da ya fi ɓacin rai.

Yanzu bari mu leƙa tarihi kaɗan, domin akwai abin mamaki a ciki. Shafukan intanet ɗin nan da duniya ke alfahari da su, asalinsu matsalar cikin gida ce ta haife su. A shekarar 1989, wani Baturen Ingila mai suna Tim Berners-Lee yana aiki a cibiyar binciken kimiyya ta CERN, kusa da birnin Janiba a ƙasar Suwizalan. Ya lura masana na zuwa su yi 'yan shekaru su tafi, kuma kowa in zai tafi sai ya tafi da abin da ya sani. Sabon zuwa ya yi ta lalube, yana tambayar wa ya yi kaza, ina aka ajiye kaza. Shi ne ya rubuta wa shugabanninsa shawarar a haɗa bayanan gidan ta yadda wannan takarda za ta kai ka ga waccan. Daga nan abin ya fita ya game duniya. To, jama'a, wannan ciwo da ya dami masanan CERN, mu ma shi ke damunmu. Ma'aikacin gwamnati a ƙasar nan yau yana Bazaga, gobe an ɗauke shi zuwa Abalak ko Tanut. A watan Afrilun 2024 aka rushe majalisun ƙananan hukumomi, aka naɗa kantomomi, kuma kowane sabon shugaba yana buƙatar ya san inda wanda ya gada ya tsaya. In ilimin ma'aikata yana cikin kan mutum ɗaya da wayarsa, ran da ya tashi, an koma farko. Shafin cikin gida rumbu ne. Abin da aka zuba a ciki bana, wanda ya zo baɗi zai ɗiba.

Ga ƙorafi na farko, kuma shi ne mafi ƙarfi. Mutane za su ce, ai muna da WhatsApp. Kowace ma'aikata tana da zaurenta, kyauta ne, kowa ya iya. Wannan gaskiya ne, kuma ban raina shi ba. WhatsApp ya yi wa ma'aikatunmu aikin da takarda ba ta taɓa yi ba. Amma duk wanda ke cikin irin wannan zaure ya san halinsa. Da hantsi sanarwar ɗage taro ta shigo. Kafin azahar an binne ta da gaisuwar Juma'a, da gayyatar suna, da ta'aziyya, da wa'azi, da hoton wani haɗarin mota da ba a san ƙasar da ya faru ba. Wanda ya kunna waya da la'asar ya tarar da saƙonni tuli, ya share su gaba ɗaya don wayar ta cika. Bayan wata shida, a ce a nemo ƙa'idar da aka aiko kan biyan kuɗin tafiya. Sai a yi ta ja da yatsa, a ƙarshe a ce wa sakatare ya sake turowa, shi kuma wayarsa ta lalace tun da damina. Akwai kuma wanda ya bar aiki tun bara amma yana nan cikin zauren, yana jin sirrin gidan. Wani lokaci ma shi ne ya buɗe zauren, shi ke da ikon sa mutum da cire shi. Sannan WhatsApp ɗin ba gidanmu ba ne. Ran 4 ga watan Oktoban 2021, Facebook da WhatsApp suka ɗauke a duniya baki ɗaya har kusan awa shida, kuma ba wanda ya nemi izininmu. Don haka ban ce a watsar da WhatsApp ba. A bar shi ya yi shela, ya ce an sa sabon abu, ku je ku duba. Ainihin takardar kuwa ta zauna a shafi, inda ba abin da zai binne ta.

To, yaya ake tsara shi? A nan ne akasari ake yin tuntuɓe. Yadda aka saba, shugaba ya ga wani shafi mai kyau a tafiyarsa, ya kira mai kwamfuta daga Yamai ya ce a yi mana irinsa. A sa hotonsa a gaba, da jawabin maraba, da tarihin kamfani. A yi bikin buɗewa, a sha lemo. Bayan wata biyu ba mai leƙawa, domin ba abin da ma'aikaci zai samu a ciki da zai rage masa wahala. Hanyar da ta fi ita ce a ajiye zancen kwamfuta tukuna. A ɗauki littafi da biro, a zaga. A zauna da mai gadi a bakin ƙofa a tambaye shi, wane labari ne ke iso maka a makare? A tambayi direba, wace takarda ce ke sa ka zaman jira a bakin ofis? A tambayi unguwarzoma ta ƙauye, me ke sa ki biyan kuɗin babur zuwa Ƙonni, alhali da waya za a iya gama shi? Amsoshin ba za su yi yawa ba, kuma ba su da ado. Wa ke aiki gobe. Yaushe za a biya. Ina takardar hutuna ta tsaya. Wa zan kira in famfo ya lalace da dare. Waɗannan su ne abin da za a sa a fuskar shafin. Jawabin shugaba ya jira daga baya. Kuma kada a ce sai an gama komai kafin a buɗe. A fara da abu biyu ko uku, a gwada da sashe ɗaya, a ji kokensu, a gyara, sannan a faɗaɗa.

Abu na gaba shi ne harshe da murya, kuma a nan zan ɗan daɗe. Mafi yawan manya a ƙasar nan ba sa karanta boko, kuma masu karanta Faransanci sosai sun fi haka ƙaranci. Wannan ba abin kunya ba ne ga leburan da ya fi injiniya sanin kukan injinsa. Da yawa cikin irin waɗannan mutane suna karanta ajami, kuma kusan dukansu sun iya danna waya su saurari saƙon murya. Shafin da aka cika da dogon rubutun Faransanci ya riga ya kori rabin gidan tun kafin a buɗe shi. Muna da shaida a gida cewa murya tana aiki. Ƙungiyar RECA, wadda ta haɗa majalisun manoman Nijar, tana da cibiyar da manoma ke kira ko su aika saƙon murya da hoto ta WhatsApp, da Hausa ko Zabarmanci, su samu amsa a kan tsutsar da ta kama musu tumatir ko albasa. Manomi bai jira ya koyi Faransanci ba kafin ya amfana. In haka ta yiwu tsakanin Yamai da gonakin Galmi, me zai hana ta yiwu tsakanin ofis da farfajiyar masana'anta? Kowace sanarwa mai muhimmanci a haɗa ta da murya ta minti ɗaya, da Hausa, a kusa da rubutun. Inda akwai Fulani ko Buzaye cikin ma'aikata, a nemo wanda zai faɗa da harshensu. Kundin sake gina ƙasa na watan Maris ɗin 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Ko me mutum ke gani game da wannan mataki, ba wanda zai ce saƙon ma'aikata da Hausa baƙon abu ne. Sannan a gina shafin don ƙaramar waya mai tsagaggen gilashi, wadda mai ita ke lissafin kowane mega da ya saya. Hoto mai nauyi da bidiyon ado kuɗin lebura suke ci. Kun ga dai mun sake dawowa kan maganarmu, a fara daga ƙasa.

Ƙorafi na biyu shi ne wuta da rezo. Za a ce, ina amfanin shafi a garin da lantarki ke zuwa yana tafiya? Wannan ma magana ce mai tushe. Ba mu manta da watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da ƙasar nan ta fi dogara da ita. Ba mu manta da watan Maris ɗin 2024 ba, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama suka shiga duhun sadarwa. Amma ku saurara da kyau, domin a nan shafin cikin gida ya yi wa WhatsApp fintinkau. Ba dole ne ya dogara da intanet na waje ba. Ana iya ajiye shi a kan kwamfuta guda a cikin harabar ma'aikata, a haɗa ta da na'urar wifi. Duk wanda ya shigo harabar, wayarsa za ta kama, ya karanta ko ya saurara ba tare da ya kashe ko dala ba. Irin wannan kwamfuta ba ta cin wuta da yawa, faifan hasken rana da batir sun ishe ta. Rana kuwa ba mu da ƙarancinta. A nan Malbaza aka buɗe tashar lantarki ta hasken rana mai ƙarfin megawat 7 a ƙarshen 2018. Gaskiya ne, ma'aikacin ƙauye mai nisa ba zai kama wifi na hedkwata ba. Shi sai an haɗa masa da layin Airtel ko Moov ko Zamani, ko a tsara shafin yadda zai ajiye abin da ya sauke, ya duba ko babu rezo. Allon sanarwa ma kada a cire shi. A riƙa buga muhimman abubuwa ana mannawa, don ranar da komai ya ƙi.

Na uku, kuɗi. A kan wannan ba zan tsawaita ba. Akwai manhajoji na kyauta, irin su WordPress da Nextcloud, da matasanmu masu ilimin kwamfuta suka iya sarrafawa. Ginin ba shi ne mai tsada ba, riƙon ne. Dole a samu mutum guda, da sunansa, wanda aikinsa ne ya sa sabon jadawali ya cire tsoho, da mataimaki don ranar da ba ya nan. Ma'aikaci in ya shiga sau biyu ya tarar da jadawalin watan jiya, ba zai koma na uku ba. A kuma kula da wanda ke riƙe da makulli. Kamfanin Meta ya taɓa sayar wa ma'aikatu wani dandalin cikin gida mai suna Workplace, sai a 2024 ya ba da sanarwar zai rufe shi, masu amfani da shi suka shiga neman inda za su kwashe kayansu. In katafaren kamfani irin wannan zai iya rufe shago, to ɗan kwangilar da ya zo daga birni ma zai iya sauya lamba. A rubuta a yarjejeniya cewa lambobin sirri da bayanai na ma'aikata ne, kuma a riƙa kwafe su ana ajiyewa a wani wuri daban.

Yanzu mun zo ga ƙorafin da ba a cika faɗa a fili ba, kuma a ganina shi ne ke kashe irin wannan aiki. Tsoro ne, kuma ta fuska biyu yake. Ƙaramin ma'aikaci yana tsoron shafin ya zama idon shugaba, a san yaushe ya shiga, me ya ce, a riƙe masa. Na tsakiya kuma, wanda ya saba takarda ba ta wucewa sai ta hannunsa, yana tsoron a daina zuwa gaishe shi. Mu faɗi gaskiya, a wasu ofisoshi sanin inda fayil yake shi ne jarin mutum. Ran da kowa zai iya ganin inda takardar hutunsa ta tsaya, wannan jari ya karye. Irin wannan mutum ba zai ce ba ya so ba. Zai ce dai injin ne bai yi ba. Maganinsa shi ne shugaba ya fara da kansa. Ya sa umarninsa a shafin kafin ko'ina, ya kuma amsa tambayar da aka yi masa a can, a gaban kowa. Tsoron ƙaramin ma'aikaci kuwa yana da hujja, kuma sai an ba shi amsa a rubuce. A fayyace abin da ake tattarawa da wanda ke iya gani. Albashin mutum, da takardar likitansa, da gargaɗin da aka yi masa, nasa ne shi da ofishin da abin ya shafa. Fayil ɗin maras lafiya kuwa ba ya shiga shafin sanarwa ko kusa. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP da ke sa ido a kai, don haka wannan ba alfarma ba ce shugaba zai yi. Kuma a buɗe hanya daga ƙasa zuwa sama. Ma'aikatar lafiya tana amfani da manhajar DHIS2 wajen tattara alƙaluma daga asibitoci zuwa Yamai, abin da ya nuna ma'aikatanmu na karkara sun iya aiki da irin waɗannan na'urori. Amma ma'aikaci yana da abin faɗa da ya wuce alƙaluma. Mai buɗe ruwa a magudanar Ƙonni shi ke fara ganin tsaga a jikin siminti. In yana da inda zai ɗauki hoto ya aika, kuma ya ga an amsa, gobe zai sake aikowa. In ya aika aka yi shiru, shi ma zai yi shiru.

Akwai masu cewa mu Hausawa mutanen baki da baki ne, ba a aika wa babba magana ta na'ura. Da gaskiyarsu. Sallamar ma'aikaci, ko sulhu tsakanin mutum biyu, ko ta'aziyya, ba aikin shafi ba ne, sai an zauna an dubi juna. Abin da shafin zai ɗauke shi ne jeka-ka-dawo a kan takarda, don in an zauna taro a yi maganar da ta cancanci zama.

Jama'a masu saurare, lokaci ya ja. Kai shugaba da ke jina, ko a masana'anta kake, ko a asibiti, ko a ofishin ƙaramar hukuma, kafin ka kira mai kwamfuta, gobe da safe ka tsaya a bakin ƙofa ka tambayi mai gadinka wace sanarwa ce ta ƙarshe da ta iso masa, kuma a bakin wa ya ji ta. Ke ma'aikaciya, kai ma'aikaci, in an zo tambayarku, kada ku ce duk yadda aka yi daidai ne. Ku faɗi abin da ke ci muku tuwo a ƙwarya, ku nemi a sa muku da Hausa, a sa muku da murya. Ku kuma matasan Bazaga da Ƙonni da Illela da kuka karanci kwamfuta, ga aiki a ƙofar gida, ku je ku gabatar da kanku. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.